Koprivshtitsa: wa ya gina gidajen nan masu kala-kala, kuma me ya hana su rushewa?

Duk bayan ɗan lokaci sai ka ga hotunan wani ɗan gari na ƙasar Bulgariya sun sake dawowa Facebook, gidajen katako an shafe su da shuɗi da ja da ruwan ƙwai, lunguna an daɓe su da duwatsu, ga dogayen katangu da manyan ƙofofi, sai mutane su hau cewa kai Turawa ko ƙauyawansu ma haka suke rayuwa tun shekara ɗari biyu. Wasu kuma da suka taɓa zuwa Turkiyya su ce a'a ai wannan ginin Turkawa ne kawai aka sauya masa suna. Maganganun biyu kowacce akwai gyara a cikinta, kuma gyaran shi ne ya sa na ga ya kamata a zauna a warware zancen: su wa suka gina gidajen nan, da wane kuɗi, kuma ya aka yi suka kai yau alhali dubban irinsu sun ƙone ko an ture su an zuba kankare?

Tukuna, ina ne wurin?

Sunan garin Koprivshtitsa, sunan da wuyar faɗa, ana cewa ya samo asali ne daga kopriva, wani ganye mai ƙaiƙayi da ke fitowa a wajen. Yana cikin tsaunukan Sredna Gora, wajen kilomita 110 gabas da Sofiya babban birnin ƙasar, a bakin kogin Topolnitsa, kuma tsayin wurin ya ɗan haura mita 1,000 daga teku shi ya sa sanyinsa ba wasa. A takarda gari ne, amma mutanen cikinsa yau ba su fi dubu biyu da 'yan kai ba, wato dai girman ƙauye. Abin da ya fitar da shi daban shi ne gine-ginen tarihi sama da 380 da ke tsaye a ciki, yawancinsu na ƙarni na 19, akwai gidaje da coci da gadoji da famfunan dutse na bakin hanya.

Akwai wasu ƙauyukan da aka killace irinsa a ƙasar, Zheravna da Bozhentsi da Shiroka Laka da Kovachevitsa, amma na zaɓi wannan ne saboda a nan ne labarin kuɗi da na siyasa da na gini suka haɗu wuri guda.

Wace Daular Usmaniyya ake nufi?

Wannan sai an fayyace, don mu idan aka ce Daular Usmaniyya hankalinmu Sakkwato yake tafiya. A nan ana maganar ta Turkawa ce, mai hedikwata a Santambul. Ita ce ta ci Bulgariya a ƙarshen ƙarni na 14, birnin Tarnovo ya faɗi a 1393, kuma ta riƙe ƙasar kusan shekara 500 har zuwa 1878. Duk gidajen da kake gani a hotunan a ƙarƙashin wannan mulkin aka gina su, Kiristoci ne 'yan Bulgariya talakawan sarkin Santambul suka gina.

Garin yana da wata alfarma tun da can. Mutanensa na cikin waɗanda ake kira voynuk, Kiristocin da ke yi wa daula hidimar dawakai da ta rundunar yaƙi, a sakamakon haka ake sassauta musu haraji kuma ake barinsu su tafiyar da harkokin garinsu. Akwai ma labarin baka da ake bayarwa cewa wata mata mai arziki ce ta je har gaban sarki ta karɓo takardar kariya ga garin, shi ya sa Turkawa ke ce masa Avretalan, filin mace. Labarin baka ne, amma sunan kam an yi amfani da shi.

Alfarmar ba ta hana bala'i ba. Ƙarshen ƙarni na 18 gwamnatin tsakiya ta yi rauni, sai gungun 'yan fashi masu dawakai da ake kira kirjali suka cika yankin, yawancinsu tsofaffin sojoji ne da suka ƙi ajiye makami. Sau uku suna ƙona Koprivshtitsa, a 1793 da 1804 da kuma wajen 1810, mutane su watse su dawo su sake kafa azara. Shi ya sa gidajen da suka girmi wannan lokacin 'yan kaɗan ne ƙwarai, kusan duk abin da ake ɗauka hoto yau bayan gobara ta uku aka yi shi.

Kuɗin daga ina?

Daga tumaki. Nan ne masu cewa gidan ƙauyawa ne suka yi kuskure. Ƙasar wurin ba ta noma ba ce sosai, dutse ne da sanyi, amma akwai ciyawa, ga kuma Santambul birni mai cin nama ba ƙaƙƙautawa. Sai aka samu fataken dabbobi da ake kira jelep, su ne ke tara garken tumaki da shanu su kora har kasuwannin babban birni, kuma da yawansu 'yan garin nan ne. Daga cikinsu wasu suka haura suka karɓi kwangilar tara harajin tumaki na daula, sunansa beglik, kusan abin da muka sani da jangali. Duk wanda ya san yadda jangali yake ya san mai riƙe da littafin ba ya talaucewa. Iyalan Chalakov, 'yan asalin Koprivshtitsa da suka koma birnin Plovdiv, ta wannan hanyar suka zama cikin manyan attajiran ƙasar, suna gina coci da makarantu.

Hanya ta biyu ulu ne. Mata na kaɗi da saƙa a gida, ana yin wani yadi mai kauri da ake kira aba, teloli su ɗinka riguna da shi, ga safa ga darduma, sai fatake su ɗauka su nufi Santambul da Anatoliya har Iskandariyya da Alƙahira, su yi watanni ba su dawo ba. Da Sarki Mahmud na biyu ya rushe tsohuwar rundunar Janisari a 1826 ya kafa sabuwar soja mai kaki iri ɗaya, buƙatar yadin ulu ta ƙaru sosai, garuruwan tsauni irin wannan suka samu ciniki.

Wani abu da zai ba ka mamaki, cikin attajiran nan za ka riƙa jin ana cewa Haji wane Haji wane, kuma Kiristoci ne. A wajensu wanda ya je ziyara Ƙudus ya dawo shi ma Haji ake ce masa, sun ɗauko kalmar daga maƙwabtansu Musulmi, kuma girma ne babba a gari. Manyan masu faɗa a ji kuma ana ce musu chorbaji, daga kalmar Turkanci ta romo ko miya, wato mai ciyar da mutane. Riƙe wannan sunan, za mu dawo kansa.

Yadda gidan yake idan ka shiga

Daga titi abin da za ka fara cin karo da shi katanga ce ta dutse, doguwa, an ɗora mata ɗan rufin jan tayil a kai don ruwa da ƙanƙara kada su ci ta. Sai ƙofa ta katako mai ganye biyu wadda keken shanu da kayansa zai shige, an buga mata manyan ƙusoshi, ita ma da nata rufin, a gefe ko a jikinta kuma akwai 'yar ƙarama ta mutum ɗaya wadda ita ake buɗewa kullum. Mutanen da aka ƙona wa gari sau uku ba za su yi gini fuska a buɗe ba. Kana shiga sai tsakar gida mai daɓen dutse da furanni da rijiya ko famfo, gidan kansa yana can ciki.

Ginin kala uku ne idan ka lura. Mafi tsufa gajeru ne, katako zalla, hawa ɗaya, ƙananan tagogi, ɗaki biyu da murhu a tsakiya, katakon ya yi baƙi saboda shekaru. Bayansu sai masu bene da buɗaɗɗiyar baranda da ake kira chardak, inda ake shan iska ana kaɗin ulu da rani, gidan da aka gina a 1831 inda aka haifi Georgi Benkovski, ɗaya daga cikin jagororin tawayen 1876 da za mu zo kansa, irin wannan ne. Sai na ƙarshe, na tsakiyar ƙarni na 19 lokacin da kuɗi ya zauna, su ne masu kala ɗin, kuma salon daga Plovdiv aka kwaso shi.

A irin waɗannan, ƙasan dutse ne, nan ake ajiya da aikin hannu da zaman hunturu saboda ya fi riƙe ɗumi. Saman kuma firam ne na katako, a cike tsakaninsa da bulo ko sanduna da laka, a yi yaɓe a shafa fenti. Saboda saman ba nauyi sai magini ya turo ɗakunan waje su leƙo kan hanya ko tsakar gida, an tokare su da lanƙwasassun katakai daga ƙasa, ka ga an ƙara faɗin ɗaki ba a ci fili ba, haske kuma na shigowa ta gefe uku. Bakin rufin yana fitowa sosai don ya kare yaɓen. A goshin gidan kuma rufin yakan yi wata lanƙwasa mai hawa da sauka, suna ce mata kobilitsa, sunan sandar da ake ratayawa a kafaɗa a ɗauko bokiti biyu, irin ta 'yan ga-ruwa sak, da ka gani za ka gane.

Ɗauki gidan Oslekov, wanda aka gama a 1856. Nencho Oslekov falke ne mai kai kaya har Masar. A gaban gidan akwai ginshiƙai uku na itacen al'ul da aka kawo daga Labanan, suna ɗauke da benen, a saman bangon kuma an zana hotunan biranen ƙasashen waje. Ka hau matakala ka shiga babban falo, ɗaga kai ka ga silin, katako ne aka sassaƙa siriri siriri aka jera su suna fita daga tsakiya kamar hasken rana, kowane ɗaki da irin nasa zanen. Kujeru babu, sai wani dogon dakali na katako da ya bi jikin bango ƙarƙashin tagogi an shimfiɗa masa darduma da matasai, sunansa minder. Gado ma babu a yawancin ɗakunan, akwai kabad da aka gina cikin bango, da safe a naɗe shimfiɗa a zuba a ciki ɗakin kwana ya koma ɗakin baƙi. Wannan dabarar ita ta fi burge ni a duk ginin, ɗaki ɗaya yana aikin uku kuma ba ya cika da tarkace. Ana ba da labarin cewa gidan ya kamata ya zama da fiffike biyu daidai wa daida, maƙwabci ya ƙi sayar da filinsa, shi ya sa gefe ɗaya ya fi ɗaya.

Gidan Lyutov na 1854 kuma magina daga Plovdiv ne suka yi shi, a can za ka ga wani ɗan lungu da ake fafewa a bango a yi masa zanen furanni ko na wani birni mai tashar jiragen ruwa, sunansa alafranga, ma'ana irin na Turawan yamma. Mai gida yana nuna wa baƙo cewa ya ga duniya.

Cocin garin na 1817 shi kuma gajere ne, an shafe shi da shuɗi, daga nesa sai ka ɗauka gida ne. Dokar daula a lokacin ba ta barin coci ya yi tsayi ko ya yi ƙawa daga waje, hasumiyar ƙararrawar da ke jikinsa daga baya aka ƙara.

Ranar da aka harba bindigar farko

Kuɗi ya kawo makaranta. A 1846 Nayden Gerov ya buɗe makaranta mai aji-aji a garin, cikin na farko a ƙasar, yaran fatake suka yi karatu, wasu suka wuce Rasha da Romaniya suka dawo da tunanin 'yancin kai. Wannan zamanin ne 'yan Bulgariya ke kira Farfaɗowar Ƙasa, kuma da sunansa ake kiran salon ginin.

A 1876 aka shirya tawaye, aka sa ranar 1 ga Mayu a tsohuwar kalanda, sai asiri ya tonu, 'yan sanda suka zo kama shugaban shirin na garin, Todor Kableshkov, saurayi ɗan shekara 25. Sai kawai suka fara kafin lokaci, ranar 20 ga Afrilu a tsohuwar kalanda, wato 2 ga Mayu a ta yanzu. A kan wata 'yar gadar dutse aka harbe ɗan sandan daula, har yau ana ce mata gadar bindigar farko, aka afka wa ofishin hukuma aka kashe mudir, wato hakimin da daula ta ajiye a garin, Kableshkov ya rubuta wasiƙa zuwa garin Panagyurishte inda Benkovski yake, ya yi mata alamar kuros da jini. Makamansu ba su taka kara sun karya ba, har igwa suka sassaƙa da itacen ceri.

Cikin 'yan makonni aka murƙushe su. Sojoji da mayaƙan sa-kai da ake kira bashibozuk suka ƙona garuruwa, Klisura da ke kusa ta ƙone, Panagyurishte ma haka, a Batak aka kashe dubban mutane har da mata da yara. Benkovski an kashe shi a daji, Kableshkov an kama shi ya kashe kansa a Gabrovo, Oslekov mai gidan can da aka ɗinka kayan 'yan tawaye a wajensa an rataye shi.

To me ya sa Koprivshtitsa ba ta ƙone ba? Chorbaji ɗin nan ne. Da suka ga abin ya juya, suka tsare wasu daga cikin 'yan tawayen, suka tara kuɗi mai yawa suka biya don kada a sa wa garin wuta. An yi wawashe amma gidajen sun tsira. Wannan ɓangaren ba a cika ɗaga murya a kansa ba, ni kuwa a ganina dole a faɗe shi, domin gidajen da ake nunawa yau a matsayin shaidar jarumta, cinikin da attajirai suka yi ne ya bar su a tsaye. Wani zai ce cin amana ne, wani zai ce sun ceci dubban rayuka, kuma duka biyun suna da abin kamawa.

Kisan Batak ya tada hankalin Turai, babban ɗan siyasa Gladstone a Ingila ya yi ta kamfe a kai, Rasha ta shiga yaƙi da daula a 1877, a 1878 Bulgariya ta samu gwamnatinta. A wannan yaƙin kuma Musulmin ƙasar, Turkawa da sauransu, dubban ɗaruruwa ne suka yi gudun hijira, da yawa suka mutu a hanya. Wanda zai ba da labarin nan da gaskiya sai ya ambaci jinin ɓangarorin biyu.

To ginin na Bulgariya ne ko na Turkawa?

Masu cewa na Turkawa ne suna da hujja mai ƙarfi. Je Safranbolu a Turkiyya, ko Ohrid a Masedoniya ta Arewa, ko Berat a Albaniya, za ka ga ƙasan dutse, saman katako mai leƙowa, dakalin bango, kabad ɗin bango. Kalmomin ma kansu, chardak da minder da sauransu, ta Turkanci suka shigo. Su kuma 'yan Bulgariya suna cewa maginan namu ne, masu sassaƙa da masu zane daga garuruwa irin su Tryavna da Samokov, masu kuɗin namu ne, kuma fentin waje mai ƙarfi da zanen bango da rashin raba gida zuwa sashen maza da na mata duk sun bambanta shi.

Ni dai abin da na fahimta, salon na daular ne gaba ɗayanta, Turkawa da Girkawa da Albaniyawa da Armeniyawa da 'yan Bulgariya duk sun yi gini da shi kowa ya sa nasa hannun, kuma maginan suna yawo daga gari zuwa gari suna yi wa Musulmi da Kirista aiki. Sunan "ginin Farfaɗowar Ƙasa" daga baya aka raɗa shi, lokacin da sabuwar ƙasa ke neman abin da za ta nuna ta ce wannan nawa ne.

Abin da ya hana su rushewa

Abin tausayi, 'yancin da garin ya yi wa fafutuka shi ya karya kasuwarsa. Da aka shata iyaka, Santambul ta zama ƙasar waje, kwangilar kayan soja ta tafi, yadin masana'anta mai araha daga Turai ya shigo ya kashe masaƙa. Masu ilimi suka tafi Sofiya da Plovdiv aikin gwamnati, manoma suka sauka kwari inda ƙasa ta fi kyau. Garin ya zube, har tashar jirgin ƙasa da aka yi daga baya tana can nesa da shi kilomitoci sai an hau bas. Babu mai kuɗin da zai rushe gidan kakansa ya yi na zamani, sai gidajen suka zauna yadda suke. Inda kuɗi ya ci gaba da shiga, irin waɗannan gidajen tuni aka share su.

Daga nan hukuma ta shigo. Gwamnatin kwaminisanci ta ayyana shi garin tarihi a 1952, a 1971 aka mai da shi killataccen wuri na gini da tarihi, aka zuba kuɗi aka gyara, gidaje shida suka zama gidajen tarihi da ake shiga da tikiti. Aikin an yi shi da kyau, wannan ba a musu. Amma zaɓi aka yi. Gwamnatin da ke lallaɓa waɗannan gidajen ita ce a tsakiyar shekarun 1980 ta tilasta wa Turkawan ƙasar sauya sunayensu, har sama da mutum 300,000 suka tsallaka Turkiyya a 1989. Masallatai da yawa na zamanin daula an rushe su tun bayan 1878 ko an bar su sun lalace, Sofiya da ta taɓa samun masallatai da dama yau Banya Bashi kaɗai ake salla a ciki, alhali kusan mutum ɗaya cikin goma a ƙasar Musulmi ne.

Masu kwana a ciki yau

Ga mai gida a Koprivshtitsa, killacewar nan tana da daɗi tana da ciwo. Daɗin shi ne baƙi, ɗaliban makaranta da ake kawowa bas-bas su ga gadar, 'yan Sofiya masu zuwa hutun ƙarshen mako, sai gidaje da yawa suka koma masauki da gidan abinci, mata na sayar da saƙa da kayan tsaraba. Tun 1965 kuma ake yin babban taron waƙoƙi da raye-rayen gargajiya na ƙasa a filayen bayan garin duk shekara biyar, dubban masu wasa ke zuwa, UNESCO ma ta sa shi cikin kyawawan hanyoyin adana al'ada a 2016.

Ciwon kuma, gidanka ne amma ba ka isa ka sauya taga ko ka ƙara ɗaki ko ka canja rufi ba sai da izinin hukumar kula da gine-ginen tarihi, kuma gyaran sai da irin kayan da da kafinta wanda ya iya aikin, ga su sun yi ƙaranci ga tsada. Gidan katako mai tagogi da yawa a wurin da ƙanƙara ke zuba wata da watanni, ɗumama shi kaɗai aiki ne. Ga matsalar gado, gida ɗaya magada goma, wani yana Jamus wani yana Sifaniya, ba a haɗu an yanke shawara ba har rufi ya fara yoyo, kuma gidan yaɓe da katako da ruwa ya samu hanya shekaru kaɗan yake buƙata. Bulgariya gaba ɗaya mutanenta raguwa suke, daga kusan miliyan 9 a ƙarshen shekarun 1980 zuwa wajen miliyan 6 da rabi a ƙidayar 2021, kuma ƙauyukan tsauni su suka fi jin abin a jika. Gidaje shidan nan na tikiti akwai ma'aikata da kasafi a kansu, sauran ɗaruruwan kuwa yawanci suna hannun iyalai ne, da yawa tsofaffi masu ɗan fansho, su ne ke hawa tsani kafin hunturu su duba wane tayil ne ya goce.